Lemun Iya a Hannun Sodangi

Ni dai ban taɓa ganin mai kashe itace da fara'a irin mijin yayata Sodangi ba. Mutumin kirki ne fa, kada a ce na ɓata shi. A kambonmu na Wad Haddad, inda mu masu aikin auduga muke zaune, babu wanda ya kai shi ƙwazo. Dawa, gyaɗa, kuɓewa, duk abin da ya jefa a ƙasa sai ya yi albarka. Amma ka ba shi itace, abin da zai girma ya yi inuwa? Ka fara yi masa ta'aziyya kawai. Dogon yaron da Yaya Hadizatu ta dasa a ƙofar gida akuya ta cinye, shi ya bar ƙyaure a buɗe. Gwaibar da ta biyo baya kuwa, jaki ya ɗaure a jikinta.

'Yan shekaru bayan tafiyar Turawa, Iyarmu ta rasu a Mai Wurno. Daminar nan kogi ya ci gaɓar da lambunta yake, ya tafi da itatuwan lemun tsaminta gaba ɗaya. Abin da ya tsira dashe guda ne a cikin gwangwanin mai. Yaya ta rungumo shi a bayan lori tun daga Mai Wurno, ta dasa a tsakar gida, tana ba shi ruwa kafin ta sha nata.

Bazara na kankama sai ga saƙo daga Abu Hujar, 'yarsu Sakina ta haihu. Dole Yaya ta tafi wankan jego. Ni ya kamata in riƙe lemun, to ni kuma na zame a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, wajen ɗiban ruwa na karya ƙafa. Maigidana yana can Gadarif, saboda haka aka ɗauko ni aka shimfiɗe a kan gado a rumfar Yaya, ƙafa ɗaure da karare, baki kuwa lafiya lau.

Da za ta tafi, Yaya ta tsaya a kan lemun ta ce wa Sodangi, "Malam, ga amanar Iya. In wannan ya mutu, babu wani a duniya."

Ya ce, "Haba, ruwa ne kawai fa. Halas, shi ke nan, tafi hankali kwance."

To, da yake ba ni da aikin yi sai kallo, na ga abin da ba wanda ya taɓa lura da shi. Sodangi ba ya mantawa da ruwa. Kullum da safe zai ɗebo guga cike, ya nufo lemun yana 'yar waƙarsa. Sauran taku kaɗan sai ƙafarsa ta karkace. Yau ya ba jaki, gobe ya yayyafa a tsakar gida wai ƙura, jibi ya cika buta ya wanke ƙafa da sauran. Ya kife guga ya fita, fuskar nan tas, kamar wanda ya sauke nauyi.

Na zuba masa ido in ga gudun ruwansa, har ganyen lemun ya fara naɗewa. Ranar na ce, "Angona, yau ka ba lemun Iya ruwa?"

"Na ba shi mana, Ma'u. Ba a gabanki na ɗebo ba?"

"A gabana ka ɗebo, a gabana jaki ya sha. Ko jakin ne Iya ta bar mana gado?"

Ya je ya tona gindin lemun da yatsa, ƙasa busasshiya ƙaƙas. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya tsaya yana duban hannunsa, ya ce, "Na rantse miki da Allah, a raina na zuba." Nan take ya ɗebo wani ya kwarara masa. Washegari da na ɗan runtsa, na farka na tarar da shi yana wanke garma da ruwan.

Na ce wannan ba lafiya ba, ko sammu ne ko mutanen ɓoye. Da Malam Almu ya zo duba ƙafata, tsohon nan da ke ba mu salla, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana gadin ruwan gonaki, na kwashe labari kaf na faɗa masa a gaban mai laifin. Na ce a yi masa rubutu ya sha, in da hali a haɗa da turare.

Malam Almu ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ya ce, "Ba rubutu. Sodangi, da ina gadin ruwa, in ruwa ya ƙi kaiwa ƙarshen kunya, ba na zaginsa. Zama nake in zuba ido in ga daidai inda yake juyawa. Gobe ka ɗebo ruwanka. Inda ka ji ƙafarka za ta karkace, ka ajiye guga ka zauna. Ka bi numfashinka, shigarsa da fitarsa. Abin da ya zo zuciyarka ka dube shi, kada ka kore shi, kada ka yi gardama da shi."

"Shi ke nan, Malam?"

"Shi ke nan. Ai ba sauƙi gare shi ba."

Ranar farko ya zauna a gaban lemun, ya harɗe ƙafa kamar mai jiran hukunci, bai jima ba na ji minshari. Na jefe shi da maficina. Wata rana kuma ya tashi ya ce shi bai ji komai ba sai tunanin tsiren Maliki na bakin kasuwa. Na ce, "Madalla, an gano aljanin, ashe yaji yake so." A kwanakin nan lemun yana shan ruwa dai, amma da ƙarfin bakina yake sha, ni kuma ba kullum nake farke ba.

Sai wata safiya na ga ya daɗe a zaune. Ƙudaje na sauka a goshinsa bai kore su ba. Can na ga kafaɗarsa na rawa, na ɗauka dariya yake, ashe hawaye ne. Ban taɓa ganin Sodangi yana kuka ba sai ranar.

Ya ce, "Ma'u, Baba ne."

"Wane Baban? Allah ya jiƙan rai, ai ya daɗe a ƙasa."

"Na lura duk sa'ad da na matso, bayan hannuna na dama sai ya yi zafi, kamar an doke shi. Yau ban janye ba, na tsaya a kan zafin. Sai na tuna."

Wanda bai san mu ba sai na yi masa bayani. Iyayenmu daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙasa, za su Makka. Guzuri ya ƙare a nan, aka tsaya a yi aiki a ƙara gaba. Aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, amma har yau ka tambayi tsoho a kambo zai ce maka, "Muna kan hanya." Shi ya sa ɗakunanmu na ciyawa ne, shukarmu kuma wadda za a girbe bana.

Sodangi ya ce yana ɗan ƙarami, a wani gari da suka yada zango, ya sha mangwaro ya binne ƙwallon a bayan bukka. Yana rage ruwan shansa yana zuba masa a ɓoye, har ya tsiro, ganye jajaye masu sheƙi. Ya jawo babansa da murna ya zo ya gani. Baban ya make masa hannu, ya tumɓuke tsiron ya jefar, ya ce, "Mu baƙin Allah ne. Wanda ya dasa itace ya ɗaure ƙafarsa, ba zai ga Ka'aba ba."

Ya ce, "Wallahi na manta da ranar nan sam. Ashe hannuna bai manta ba."

Shi ya ci gaba, a hankali, yana duban ƙasa. "Baba bai dasa ko tsinke ba. Kuma ga kabarinsa can bayan tur'a, a tsakiyar rana. Bai ga Makka ba, bai sha inuwa ba. Ashe ba itace ne ya tsare shi ba."

Ya miƙe ya ɗauki guga ya juye wa lemun duka.

Kada ku ɗauka an warke ke nan. Washegari ƙafar ta sake karkacewa, ina kallo. Amma wannan karon ya kama ta. Ya tsaya cak, ya ja numfashi, ya ce da ƙarfi, "Na ji, Baba. Allah ya jiƙanka. Bari dai in zuba." Haka ya riƙa yi kullum, gaisuwa sannan ruwa, har na fara amsa masa daga rumfa da muryar tsoho, "To ɗana, zuba, amma ka rage wa jaki." Ya ce in ƙafata ta warke zai rama. Da kansa ya saro ƙaya ya yi wa lemun shinge mai kauri, akuyar gidan ta yi ta zagaye tana harararsa.

Ranar da Yaya ta dawo, ko sallama ba ta gama ba. Ta wuce ni, ta wuce mijinta, da ƙullin kaya a ka ta nufi shingen. Lemun ya yi sabon toho, kore shar. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta kai hanci, ta rufe ido. Ni ma daga inda nake ƙanshin lambun Iya ya zo mini, sai da na share ido da gefen zane.

Maƙwabcinmu Jibirin, wanda ba a rasa shi inda ake taro, ya leƙo ta saman zana ya ga shingen. Ya ce, "A'a! Sodangi, itace ka raya? Halas, ka zama ɗan gari. Sai mu ce Makka ta yi nisa, ka fasa tafiya."

Na buɗe baki zan wanke shi, Sodangi ya riga ni. Ya yi murmushi ya ce, "Ban fasa ba, Jibirin. In Allah ya kira ni zan tafi. Amma in na tafi, ita wannan baiwar Allah a ina za ta zauna ta jira ni? A rana?"

Yaya ta sauke kayanta, ta juya baya don kada a ga fuskarta, ta ce wai hayaƙi ne ya shiga idonta. Ko wuta ba a hura a gidan ba.