Takardar Jinin Safiyyah

A shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau mulki, Safiyyah tana da shekara bakwai. Ita ce ta uku a 'ya'yan Kubura da mijinta Muntaka, mai gyaran rediyo a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Tun tana rarrafe yatsunta ke kumbura, ta yi ta kuka ba a san inda ke mata ciwo ba. Da damina ta faɗi a wannan shekara zazzaɓi ya kayar da ita, idonta ya yi ɗorawa, tafin hannunta ya yi fari fat. A wani ƙaramin asibiti aka ƙara mata jinin Lawan, ƙanen Muntaka, ta samu ta miƙe. Ranar sallama likita, da layin mutane a ƙofarsa, ya ce a je a gwada ta ko sikila ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kubura ba ta iya zama da zullumi. Kwana goma sha biyu da sallama ta ja hannun yarinyar zuwa wani ɗakin gwajin jini a bayan kemis ɗin unguwa. Mai wurin wata Inyamura ce, Madam Nkolika, mace mai fara'a, Hausarta irin ta kasuwa. Ta ba Safiyyah alewa, ta tambayi suna da shekaru tana rubutawa, sannan ta ɗago kai.

"Yarinya ta sha jini?"

Lokacin ba a daɗe da gama zaɓe ba, ko'ina ka zauna hirar masu shan jini ake, ana cewa a riƙe yara. Kubura ta jawo 'yarta jikinta.

"A'uzu billahi. Mu Musulmi ne, Madam."

Madam ta yi dariya ba tare da ta gane abin da ya ɓata wa matar rai ba, ta ce to, ta ja layi a takarda, ta ɗebi jinin.

Bayan kwana uku sakamako ya fito da haruffa biyu, AS. Madam ta yi mata bayani cewa yarinya tana ɗauke da irin cutar kawai, amma ba ta da ita, sai dai a kula ranar da za ta yi aure. Kubura ta dawo gida kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta soya waina ta raba sadaka. Muntaka ya sa takardar a leda ya ɗaure, ya ce wannan a ajiye ta da kyau.

Ciwon kuwa bai san da wata takarda ba. Wata biyu, uku, ya dawo. Duk kemis ɗin da aka je, Kubura ta fito da ledar, mai kemis ya duba ya ce ai ba sikila ba ce, ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Inna, uwar Muntaka, ta ce sanyin ƙashi ne, aka yi jiƙe-jiƙe har aka gaji. A hankali Kubura ta fara lura ciwon ya fi zuwa da safiyar makaranta in gari ya yi sanyi, ko bayan an sa ta wanke-wanke. Ta yanke a ranta shagwaɓa ce da ƙiwa. In Safiyyah ta ce ƙafarta, sai ta ce mata takarda ta ce lafiyarta ƙalau, ta tashi ta ba mutane wuri. Yayyenta suka sa mata suna Hajiya Wayyo. Ran nan ta ƙi tashi ɗebo ruwa, Kubura ta zane ta da tsintsiya, ta ce in ta ƙara jin wannan ƙaryar sai ta yi mata wanda ya fi haka.

Daga ranar Safiyyah ba ta sake cewa komai ba. In abin ya taso sai ta shige bayan ƙyaure ta cusa bakin hijabinta a baki ta cije. Kubura ta ga shiru, ta ce ai ga shi ta warke.

Shekara uku aka yi a haka. Wata Laraba da hantsi Safiyyah ta yanke jiki ta faɗi a Islamiyya, aka kwashe ta zuwa wani asibiti a Tarauni. Mai gwajin jini a can dattijo ne, Malam Mu'azu. Ya huda mata yatsa, ya ɗiga jinin a ɗan gilashi, ya shafe shi siriri da bakin wani gilashin, ya bari ya bushe, ya zuba masa launi, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Ya daɗe a sunkuye. Ya kuma auna yawan jinin, ya ce abin da ya rage a jikinta bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, a nemo mai bayarwa yanzu. Muntaka ya hau acaɓa ya tafi neman 'yan'uwa.

Kubura ta miƙa wa Malam Mu'azu ledar tana cewa ai an gwada, ba ta da sikila. Bai yi musu ba. Ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Ya ce ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne kamar kwabo. Ta leƙa. Ta ga waɗansu zagayayyu, amma ko'ina a tsakaninsu ga waɗansu a lanƙwashe kamar lauje.

Ya duba kwanan watan takardar. Ya tambaya ko an taɓa ƙara wa yarinyar jini kafin a yi wancan gwajin. Ta ce an ƙara, kwana goma sha biyu tsakani.

"Baiwar Allah, ai jinin mutum biyu aka gwada. Wata uku ake jira, ko fiye. Ba a tambaye ki ba?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tsaya. Ta faɗa masa tambayar Madam yadda ta fito, da amsar da ta ba ta. Malam Mu'azu ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce wasu baƙi, duk abin da ya shiga jiki na magani, sha suke ce masa. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Da ma ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Ta koma ɗakin da aka kwantar da Safiyyah. Yarinyar tana numfashi sama-sama, leɓenta fari. Kubura ta durƙusa a bakin gadon, ta ce mata an gano, ciwo ne na gaske, tun haihuwa take da shi.

Safiyyah ta juyo ido a hankali.

"Umma, ashe ba ƙarya nake ba?"

"Ba ƙarya kike ba. Ki yafe mini. Faɗa mini, ina ke miki ciwo?"

Yarinyar ta dube ta, kamar tana tsoron ko tarko ne. Sannan ta fara, murya can ƙasa. Ta ce gwiwa. Ta ce baya, nan wajen ƙugu. Ta ce wannan kafaɗar tun bara. Kubura tana bin duk inda ta ambata da hannu tana shafawa, tana cewa sannu, sai ina kuma. Ta ce ƙirji. Kubura ta ɗora hannu a wurin, ta ce sai ina kuma.

Ta sake tambaya har sau uku.