Daɓen da Yake Gumi

Baffa Zakariya'u ya iso gidanmu a unguwar New Bell da jaka ɗaya da manyan gwangwanaye biyu. Ɗan ƙanin kakata ne. Shekara goma sha biyu ya yi a Agadez yana sayar da kayan gini, yanzu ya zo Douala gwada kasuwa. Kafin ya sami wurin zama, kakata, wadda kowa yake kira Tsohuwa, ta ba shi ɗakin zaure.

A rana ta uku ya tsaya a tsakar gida yana kallon daɓen simintinmu. Daɓen ya tsufa, ya yi zane-zanen tsaga, gefen famfo kuma ya yi kore.

Ya ce wa Tsohuwa, "Gwaggo, wannan daɓen ya gaji. Na zo miki da maganinsa. Fenti ne na musamman. A Agadez rana tana dafa siminti har ya koma gari, amma idan aka shafa masa wannan, shekara biyar ba abin da zai taɓa shi. Ƙura ba ta kama shi, zafi ba ya cin ƙafa."

"Allah ya yi albarka, ɗan nan," in ji Tsohuwa.

Ni ce nake share daɓen nan tun ina ƙarama. Daga ƙofar Tsohuwa zuwa famfo taku goma sha ɗaya ne, kuma sau biyar take yin su a rana don alwala, ba ta yarda a kai mata buta ɗaki. Shekara biyu da suka wuce gansakuka ta kayar da ita a nan, ƙugunta ya karye, ta yi wata uku a kwance. Likita ya ce idan ta sake faɗuwa, da wuya ta ƙara takawa. Tun daga lokacin kullum da safe nake goge hanyarta da buroshi mai ƙarfi.

Ranar Talata Baffa ya fara da kusurwar madafa. Ya share, ya shafa, ya jira, ya sake shafawa. Wurin ya fito fari tas, yana sheƙi kamar faranti. Maƙwabciyarmu Mairama, Bafulatanar Garoua, ta leƙo ta katanga.

"Oh là là! Tsohuwa, kin koma otal ke nan. Baffa, idan ya rage a gwangwani, ni ma ina da daɓe."

"Ranar Asabar zan gama sauran," in ji Baffa, "daga ƙofar Gwaggo har famfo. Sannan mu ga abin da ya rage."

Washegari ina wanke-wanke, ruwa ya gangara kan farin wurin. Na taka, ƙafata ta tafi da kanta, sai da na dafa bango. Ba wanda ya gani.

Da la'asar na shiga ɗakin Tsohuwa na faɗa mata.

"Kulsum, ke da ba ki da nauyin kaza, ko iska ma kayar da ke take yi," in ji ta.

"Tsohuwa, wallahi santsi gare shi."

"Na ji. To in ce masa me? Yaron nan tun daga Agadez ya ɗauko kayan nan, ya ƙetara iyaka biyu da su, don ni. Ba a mayar da hannun kyauta baya. Zan riƙa takawa a hankali."

"Wancan karon ma a hankali kika taka."

Ta juya mini baya, ta ɗauki carbinta.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a makaranta, 'yan shekarun da na yi, malama sai ta matso kusa kafin ta ji muryata. Balle in tsaya gaban babban mutum, baƙo, in ce masa bai san aikin da ya shekara goma sha biyu yana yi ba. Ranar Alhamis na shirya maganar tun daga madafa, na ɗauki tire na je zaure. Ya ɗago kai ya dube ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baffa, ga shayi."

Akwai abin da na sani game da daɓenmu. Idan na bar robar wanki a kai ta kwana, da safe in na ɗaga sai in ga wurin ya yi baƙi da danshi, ko da an yi kwanaki ba ruwan sama. Ƙasar New Bell ruwa ne a ƙarƙashinta. Da damina kwata takan cika ta shigo mana har zaure. Da rani ruwan ba ya tafiya ko'ina, yana nan ƙasa, yana fitowa ta cikin simintin kaɗan-kaɗan.

Ranar Juma'a, bayan maza sun tafi masallaci, na yanka babbar leda, na shimfiɗa ta a tsakiyar hanyar Tsohuwa. Na danne gefunanta da duwatsu da tsohon turmi, na bar ta.

Asabar da hantsi Baffa ya fito da gwangwani da buroshi, ya naɗe hannun riga. Ya dubi sama.

"An ce mako uku ba ɗigon ruwa. Daɓe ya bushe ƙayau. Wa ya bar leda a nan?"

Ina tsaye a ƙofar madafa. Tsohuwa tana kan kujerarta a bakin ƙofa, ta ƙi kallona.

"Ni ce," na ce.

"To zo ki kwashe, 'yata, aiki zan yi."

"Baffa, ka ɗaga da kanka."

Ya dube ni, ya yi dariya, ya ture turmin, ya ɗaga ledar. Cikinta duk ɗigon ruwa ne, simintin da ke ƙasa kuma ya yi baƙi, daidai faɗin ledar. Gefe da gefe a bushe.

"Wa ya zuba ruwa?"

"Ba wanda ya zuba. Daga ƙasa yake."

"Daga ƙasa? Siminti ne fa."

Ban san yadda zan ƙara bayani ba, sai na nuna masa kusurwar madafa. Ya je ya tsuguna. Farin fentin ya yi bororo nan da can, ƙanana kamar ƙunar mai a hannu. Ya danna ɗaya da farce, ya fashe, ruwa ya fito. Ya danna wani. Ya daɗe a tsugune.

"Ruwan yana neman hanyar fita, ni kuma na toshe masa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "A Agadez daga sama abokin gaba yake zuwa."

Na ɗauki buta na zuba ruwa a kan farin wurin. Na ce, "Baffa, ka taka."

Ya miƙe ya taka da silifas ɗinsa. Ƙafa ɗaya ta yi gaba, ya kai hannu ya cafki igiyar shanya, zannuwan Tsohuwa biyu suka faɗo masa a ka.

Mairama, wadda ashe tana kan katanga, ta ce, "Doucement, a hankali, Baffa! Na fasa, ka riƙe ragowar."

Baffa ya cire zannuwan daga kansa. Bai yi dariya ba. Ya dubi Tsohuwa, ya dubi sandarta da ke jingine.

"Gwaggo, kin sani?"

"Yarinyar nan ta faɗa mini tun Laraba."

"Kuma da kin bar ni na shafa?"

"Da na bar ka."

"Inna lillahi. Da ni zan kwantar da ke." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, shayi nawa kika kawo mini tun Laraba ba ki ce komai ba?"

Na sunkuyar da kai. "Shida."

"Shida! Kunyar gidan nan sai ta kashe mutum."

Ya rufe gwangwanin, ya buga murfin da dutse. Ya fita ya hau babur zuwa kasuwa, ya dawo da kurfi da guduma. Ya fara kankare farin fentin, sannan ya tambaye ni inda Tsohuwa take sa ƙafa. Na taka masa taku goma sha ɗayan, yana bina da gawayi yana alama. Ya yini yana sassaƙa ƙananan layuka a gicciye, don ƙafa ta sami abin kamawa, ruwa kuma ya gangara kwata. Gwangwanayen ya ce zai ba wani direba ya mayar da su arewa, inda ake bukatarsu.

Da aka kira la'asar Tsohuwa ta ɗauki sanda ta fito. Ta taka layi na farko, ta tsaya, ta murza tafin ƙafarta a kai.

"Zakariya'u, wannan ai magogin ƙafa ka yi mini."

"Yana santsi, Gwaggo?"

"Yana kartar mutum dai."

Ta ci gaba tana mita har ta kai famfo, ta zauna a kan dutsen da take alwala, ta buɗe ruwa.