Wanda Ke Zaune a Bayan Sarwat

Duk kulob ɗin tseren kwalekwale na bakin kogin Nilu babu wanda bai san Dakta Sarwat da agogonsa ba. Likitan haƙori ne, ya ba hamsin baya, amma da an idar da sallar asuba yana kan ruwa. Agogon ya ƙirga masa bugun zuciya da saurin jirgi, ya tura wa waya, shi kuma ya watsa wa 'yan kulob tun ba su karya kumallo ba, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Kyaftin Ra'afat, mai horar da su, yakan ce ranar da agogon nan ya lalace sai an je wa Dakta ta'aziyya.

Abokin tuƙinsa Wagdi ne, shekara da shekaru, a siririn kwalekwale mai cin mutum biyu. A irin wannan jirgi baya ake ba wa inda za a je. Sarwat ne mai ba da saurin tuƙi, Wagdi yana zaune a bayansa yana bin sa, shi ne kuma mai waiwayawa ya duba hanya. Mai kujerar Sarwat ba ya waiwaye, don ko kafaɗa ya karkata sai jirgi ya yi tangaɗi. Bai taɓa ganin Wagdi yana tuƙi ba, a jikin jirgi yake jin sa.

Bara da sanyi Wagdi ya rasu a kan kujerarsa. Suna wuce gada ya yi shiru, jirgi kuwa ya kama gudun da bai taɓa yi ba, Sarwat ya ƙura wa agogo ido yana ta murna har suka dawo matsaya. Sai da ya ga mutanen da ke bakin ruwa sun miƙe suna salati sannan ya waiwaya. Likita ya ce zuciya ce, kuma an jima da cikawa. Sarwat bai gaya wa kowa ba cewa har bakin matsaya filafilai huɗu ne ke shiga ruwa tare.

Daga nan ya koma kan injin tuƙi na cikin zaure, yana ja yana kallon bango. Kyaftin ya gaji da ganinsa.

"Dakta, kai da injin nan sai dai a ɗaura muku aure. Ga Samih nan ba shi da abokin tuƙi. Gobe ku fita."

Samih mai kantin magani ne, sabon shiga, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, bakinsa kuma ba ya hutawa. Washegari hazo ya sauko ya rufe kogin ruf, ko gidajen tsallake ba a gani. Suka tura jirgi.

"Baffa, in agogonka ya tambaya ka ce masa ni baƙo ne, ya yi mini a hankali."

"Rufe baki ka duba hanya."

"Wace hanya? Ko hancina ba na gani. Wallahi waken karin kumallo kawai ya fito da ni."

Tuƙin nasa sai addu'a. Filafilinsa ya riga na Sarwat shiga ruwa, ya makara wajen fita, ya watsa masa ruwan sanyi a ƙeya. Haka suka yi ta fama har inuwar gada ta wuce ta kansu. Samih yana tsakiyar labarin yadda jaririyarsa ta yi wa surukinsa fitsari, sai maganar ta yanke.

Jirgi ya daidaita. Filafilai huɗu suka faɗa ruwa da ƙara ɗaya, suka fito da ƙara ɗaya. Lambobin agogo suka fara hawa. Sannan Sarwat ya ji wani siririn fito a bayan kunnensa, yana fita tare da kowane ja. Wagdi yana da wushirya, ya kuma ƙi yarda a gyara masa, numfashinsa ta nan yake fita in tuƙi ya yi daɗi. Haƙoran Samih kuwa a jere suke cif, Sarwat ya lura tun gaisuwar farko, aikinsa ke nan.

"Samih?"

Shiru. Jirgi ya karkata a hankali, sai ga wani ƙaton jirgin yashi ya bayyana a gefensu cikin hazo, sun kauce masa da ƙyar. Wani ya duba hanya.

Sarwat ya san abin da shiru yake nufi a wannan kujera, babu wanda ya fi shi sani. Duk da haka bai waiwaya ba. Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi, amma daɗin ya fi tsoron ƙarfi. Shekara guda yana kewar wannan tafiya, ga ta ta dawo, ya ce wa ransa ja ɗaya kawai zai ƙara. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sai ya ji a ƙarƙashin fiton akwai wani numfashin daban, yana kakari kamar na ragon da aka danne.

Ya saki filafilai ya juya.

Samih yana tuƙi, tuƙi mai kyau, bayansa a miƙe. Leɓɓansa sun yi baƙi, hawaye na bin fuskarsa, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke.

"Baffa," ya ce da ƙyar, "ba ni ba ne. Hannuna ya ƙi saki. Ƙirjina."

Jirgi bai rage gudu ba. Sarwat ya miƙa hannu, jirgi ya yi kamar zai kife, ya janye. Ya yi ihu, hazo ya haɗiye. Can ya tuna. Wagdi bai taɓa ajiye filafili da kansa ba, sai Sarwat ya ce a ajiye. Ranar da Wagdi ya rasu kuwa agogo yake kallo, bai ce ba.

Ya juya ya ba shi baya yadda suka saba. Ya kama filafilai ya shiga cikin tuƙin, suka ja tare, jirgi ya ɗaga yana sulalawa. Kakarin Samih ya fara yankewa.

"Ya isa, Wagdi. Ajiye."

Filafilai suka faɗi a kan ruwa. Fiton ya ɗauke. Samih ya kifa kai gefen jirgi yana amai, yana kiran sunan Allah da na mahaifiyarsa. Sarwat ya jira har ya ji numfashinsa ya daidaita, sannan ya juya jirgi shi kaɗai. Jirgin ya yi nauyi kamar an loda masa duwatsu.

Sun kusa gada Samih ya yi magana.

"Baffa, zai dawo?"

"A'a," in ji Sarwat. "Ba zai dawo ba."

Sai a lokacin kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya ƙwace masa.