Kujerar Gwani

Duk Asabar ɗin da ta biyo bayan cin wasan ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, ba ni da sukuni. Kafin in gama ɗora tukunyar kofi mazan Tallow Bend sun cika mini shago, masu aikin gonar auduga da direbobin manyan motoci da tsofaffin da ba su da sana'a sai gardama, kowa da labarinsa a baki kamar shi ya buga ƙwallon. Ni ce Verlene Pickett, mai soya tarwaɗa da ƙwai a bakin titin da ya nufi makarantar sakandare. Na gaji shagon a wajen mahaifiyata, na kuma gaji al'adar da ke cikinsa, ba don ina so ba.

Al'adar kuwa ita ce, in an ci wasa koci yakan ba gwanin ranar ƙwallon da aka buga da ita. Washegari yaron zai kawo ta shagona, ya hau wata doguwar kujera mai jan fenti da ke kusa da teburin kofi, ya rungume ƙwallon, ya ba da labarin gudunsa mafi kyau da bakinsa. In ya gama a tafa masa, a rubuta sunansa a jikin ƙwallon da farin fenti, a ɗora ta a kan katakon da ke jikin bango tare da na magabata. Sannan ya ci abin da ransa yake so kyauta, wato daga aljihuna, tunda mazan garin nan sun iya yabo amma ba su iya biya ba.

A tsakiyar katakon nan akwai ƙwallon ƙanena Cleotis. A zamaninsa shi ake damƙa wa ƙwallo ya rungume ta ya kutsa cikin ƙarti, kuma har yau tsofaffi na cewa jiharmu ta Mississippi ba ta sake haifar irinsa ba. Da kai yake buɗe hanya. In aka make shi ya tashi yana tangaɗi, sai a shaƙa masa wani magani mai wari a hanci, a buga masa hular kwano a mayar da shi fili, jama'a na ihu. Yanzu bai kai shekara hamsin ba, amma ni ke ɗaura masa igiyar takalmi. Kullum ina zaunar da shi a bakin taga, ya wuni yana kallon titi. Bai san sunana ba, “baiwar Allah” yake ce mini. Abu biyu ne suka rage a kansa. Na farko tambayar da yake yi wa duk wanda ya shigo: “Wa ya ci?” Na biyu labarin gudu guda ɗaya, ranar da aka sha ruwa fili ya zama taɓo, takalminsa na hagu ya maƙale, ya ƙarasa da ƙafa ɗaya a safa har layin ƙarshe ta wajen tankin ruwa. Wannan labari mun ji shi har mun haddace, ni da ɗansa Dontrell.

Dontrell ni na raine shi tun rasuwar uwarsa. Yana ajin ƙarshe, a gurbin ubansa yake wasa, kuma a wasan wata Juma'a ya yi abin da ya tayar da garin tsaye. Maganar da ke bakin kowa ita ce, Juma'a mai zuwa wani mutum zai zo daga babbar jami'a musamman don ya gan shi. In ya burge shi, yaron ya samu karatu kyauta, ya fita daga garin da ba komai sai auduga da masana'antar yanka kaji. Kuma wasan ranar na sili-ɗaya-ƙwale ne, in aka cinye mu shi ke nan, babu wata Juma'ar.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne abin da ya faru a motata bayan an tashi. Kafin hutun rabin lokaci wani ƙato ya haɗa masa kai da kai, har sai da na ji ƙarar hulunan kwanonsu daga inda nake zaune. Ya tashi, ya ci gaba, ya ma fi yin kyau bayan nan. Amma muna hanyar gida ya juyo ya ce, “Gwaggo, mun ci kuwa?” Na yi dariya, na ce ga ƙwallo nan a cinyarsa, ya daina iya shege. Da muka zo daidai coci ya sake tambayata, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. A nan dariya ta ƙare mini. Na san ƙa'idar makaranta sarai: yaron da ya bugu a ka har ya ruɗe, nas za ta hana shi wasa sai likita ya sallame shi, kuma ba a mako guda ake sallama ba. Na kwana ina gaya wa kaina gajiya ce.

Da safe ya shigo shago da hula ya jawo ta har kan gira, ya zaɓi lungun da hasken taga ba ya kaiwa. Mutane suka yi masa ca. Dattijo Hosea, wanda ke riƙe da makullin cocinmu, shi ya fara.

“Ni fa da idona na gani. Ƙarti uku ya ja a bayansa kamar tarakta na jan garma.”

“Uku?” in ji Purvis mai faci. “Dattijo, tabaranka sun mutu, ka je a canza maka. Huɗu ne, na biyar ɗin ma rigarsa ya kama ya tashi da iska.”

“Kai da ka tafi layin sayen gugguru lokacin? Me ka gani ban da bayan matar da ke gabanka?”

Shago ya ɗauki dariya. Wani ya ce tunda yake bai taɓa ganin an juya kwankwaso haka ba, mai tsaron bayan abokan karawa har yanzu yana can yana neman inda yaron ya bi. Wani ya rantse yadin da ya ci ya fi ɗari biyu, wani ya ƙara hamsin daga aljihunsa. Hosea ya ɗaga kofinsa ya nuna Cleotis a bakin taga, ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kyan ɗa ya gaji ubansa. Kowa ya ce haka ne. Ni kuwa ina tsaye da cokalin juya ƙwai, maganar ta soke ni kamar baki aka yi masa. Ga gadon nan zaune a gabansu da miyau a gefen leɓe, ba wanda ya dube shi da kyau.

Ina zuba kofi ina satar kallon Dontrell. Ba murmushin mai jin yabo yake yi ba. Kunne ya kasa, idonsa na bin bakin duk mai magana, leɓensa na motsi a hankali, kamar ɗalibin da ke kwasar amsa kafin malami ya zo kansa. Sai na gane a bakinsu yake jin abin da ya yi jiya.

Suka ɗora shi a jar kujera, suka miƙa masa ƙwallon. Purvis ya buga tebur aka yi shiru.

Ya fara da kyau. Ya ce an miƙo masa ƙwallo, ya ga kafa ta dama, ya kutsa, mutum huɗu suka rataye a jikinsa. Duk abin da aka faɗa yanzun nan ne, ya jera su. Daga nan ya tsaya. Ya juya ƙwallon a hannunsa, ya dubi ƙasa. Can sai na ga fuskarsa ta saki kamar wanda ya gano hanya a duhu, maganar ta shiga zubowa ba gargada.

Ya ce ƙasa ta jiƙe sharkaf, ƙafa na nutsewa. Ya ce yana juyawa sai ya ji takalminsa na hagu ya maƙale a taɓo, ya ce a ransa takalmi ba shi ke gudu ba, ya bar shi nan. Ya ce sanyin ruwa ya ratsa safarsa, ya ɗaga kai ya hango tankin ruwa, ya nufe shi.

Rabonmu da ruwan sama tun watan Agusta. Filin nan ya bushe har ya tsage. Kuma ta wajen coci ya kai ƙwallon, ba ta wajen tanki ba, duk garin ya gani.

Amma sai suka fashe da dariya da tafi. Hosea har da share ƙwalla, yana cewa ku ji ɗan albarka, ya bar nasa ya karrama ubansa. Purvis ya ce yaron nan ko fasto ba zai gaya masa iya magana ba. Dontrell na ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da ya ba su dariya ba.

Cikin tafin nan Cleotis ya miƙe. Ba ya tashi da kansa sai an kama shi, amma rannan ya dafa kujeru ya tako har gaban ɗansa. Tafi ya mutu. Ya daɗe yana duban yaron, ba na jin ya gane ko wane ne.

“Saurayi,” ya ce, “wannan nawa ne. Shi kaɗai gare ni.” Ya sa yatsa ya taɓa ƙwallon. “Ina naka?”

Purvis ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce tsohon zaki dai ba ya son a taɓa masa nama, wasu suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ajiye butar kofi, na kama hannun yaron na ja shi kicin na rufe ƙofa.

Ban yi masa faɗa ba. Na tambaye shi abin da koci ya ce musu a hutun rabin lokaci. Bai tuna ba. Na tambaye shi wanda ya fara rungume shi da aka tashi, da abin da ya ci da muka isa gida. Ya jingina da firiji ya rufe ido. Ya ce abu na ƙarshe da yake tunawa shi ne suna fitowa fili ana kaɗa ganguna, daga nan sai farkawarsa da safe da ƙwallo a gefen gado. Ya ce ya yi amai sau biyu amma yanzu garau yake.

“Gwaggo, don Allah. Juma'a ɗaya ce. In mutumin nan ya gan ni, na rantse miki da kaina zan je asibiti.”

Na ce masa ubansa ma Juma'a ɗaya-ɗaya aka yi ta karɓa a wajensa har aka karɓe shi duka.

“To in zauna in yi me? In yanka kaji har in mutu? Kin fi kowa sanin ba ni da wata hanya sai wannan.”

Gaskiya ya faɗa, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ba ni da abin da zan ba shi a madadin abin da zan ƙwace. Ta bayan ƙofa ina jin an koma hira, Hosea na lissafa jami'o'in da za su yi rububinsa. Na ɗauki wayata daga kan buhun garin masara na nemo lambar nas ɗin makaranta.

Dontrell ya ce, a hankali ƙwarai, “In kika kira, ba ni ba ke.”

Na ce, “Gara ka ƙi ni kana gane ni.” Na kira.

Likita ya hana shi wasa, ya hana shi ko kallon talabijin na wani lokaci. Juma'ar ta zo, ya zauna a benci da kayan gida. Mutumin jami'a ya zo, ya tambaya, aka gaya masa, ya tafi tun kafin hutun rabin lokaci. Aka cinye mu. Ni ban je ba, na zauna da Cleotis.

Asabar ɗin da ta biyo baya shagona fayau. Purvis ya wuce ta ƙofa da motarsa bai ko danna hon ba. Hosea ya aiko a gaya mini yana yi mini addu'a, irin addu'ar da ake yi wa mai laifi. Ƙwallon Dontrell na nan a ƙarƙashin tebur, ba a rubuta mata suna ba, ni kuma ban iya ɗora ta a katako ba. Tarwaɗar da na jiƙa a gishiri ta kwana biyu a firiji na raba wa maƙwabta.

Wajen hantsin Asabar ɗin yaron ya shigo. Bai gaishe ni ba, tun ranar da na kira nas bai sake ce mini ko ƙala ba. Ya ja kujera ya zauna a bakin taga kusa da ubansa. Cleotis ya juyo ya yi masa tambayar da yake yi wa kowa.

“An cinye mu, Baba,” ya ce.

Daga nan ya shiga ba shi labarin wasan tun daga farko. Ya faɗi wanda ya yar da ƙwallo a minti na farko, da yadda yaron da aka sa a gurbinsa ya riƙa bin hagu alhali kafar na dama, da abin da koci ya ce, da launin rigar mutumin jami'a, da ƙofar da ya bi ya fita. Muryarsa cike da ɗaci, kuma na san rabin ɗacin nawa ne. Amma bai tsallake komai ba, bai aro na kowa ba, duk yana nan a kansa daki-daki. Ina tsaye a kicin ina kuka kamar an yi mini mutuwa, ina kuma gode wa Allah.

Na soya ƙwai uku yadda yake so, na kai na ajiye a gabansa. Bai dube ni ba. Cleotis ya ɗago ya ce, “Baiwar Allah, wa ya ci?” Dontrell ya jawo farantin, ya sake farowa daga farko.