Likitan da Shufen Ta Yaba

"Ko allura ɗaya bai yi mata ba, Yaya Lan!"

Shufen ce, maƙwabciyata mai sayar da taliya, tsaye a bakin matakala, 'yarta Dandan a kafaɗa, jikin yarinyar zafi rau, dawowarsu ke nan daga wurin likitan yara a babban asibiti.

"Wai mura ce, in ba ta ruwan ɗumi ta kwanta. Ruwan ɗumi! Ba ni da buta a gida ne?"

Na ce ƙila likitan ya san aikinsa.

"Yaro ne fa, ko gemu babu. Mu da aka raina da ƙarin ruwa, mutuwa muka yi?"

Washegari ta ɗora Dandan a keke cikin yayyafi, sai wani ɗan asibiti a bayan kasuwar kifi. Kafin layi ya zo kansu zazzaɓin ya sauka, har yarinya tana neman gasasshen dankali. Shufen kuwa ta kwana biyu ƙirjinta na ɗaurewa, ta ce tunda ta zo a duba ta. Aka rataya mata kwalbar ƙarin ruwa.

Ta dawo baki har kunne. "Ga likita! Kafin in rufe baki ya soka allura."

Kullum da yamma sai ta koma, ta dawo da auduga a bayan hannu, ƙafafunta na ƙara kumbura. Na ce ta je babban asibiti. Ta yi dariya. "Su ba ni ruwan ɗumi?"

Ranar Laraba ta yanke jiki ta faɗi gaban tukunyar romo, ludayi a hannu. Aka garzaya da ita babban asibiti, ba ta kai yamma ba.

Zuciya ce, aka ce. Wata nas ta raɗa min cewa ƙarin ruwan ne ya yi wa zuciyar yawa. Wani likita ya ce ko babu shi, da ma ta gaji. Mijinta Baoguo, direban tirela, ya iso ya tare likitan yaran a baranda.

"Da ka yi wa 'yata allura, me zai kai matata can?"

Likitan ya cire tabarau, ya mayar. Ni kuwa na rasa wa zan kare.

Bayan an ƙone gawar bisa al'adar garinmu, ɗana Xiaohu ya tashi da tari, goshinsa zafi. Na naɗe shi a bargo muka sauko titi. Bas mai zuwa babban asibiti na tsayawa a hagu, lungun kasuwar kifi na dama.

"Mama, ina za mu?"

Bas ta zo, ta buɗe ƙofa. Direban ya dube mu, ya ɗan jira, ya rufe, ya bar mu nan tsaye.