Wata Huɗu Ana Jinyar Mai Lafiya

Katin inshorar lafiyata ya fi ni yawo a Kano. Sunana ne a jiki, Huraira Sulaiman, da hotona na shekarar da na ajiye aiki, amma da shi aka cire wa matar ƙanena haƙori, da shi wata maƙwabciyata a nan Gyadi-Gyadi take auna sukari. Babu mai duba hoton. A wajen yaran da ke zaune bayan kanta, tsohuwa cikin hijabi duk ɗaya ce. Mu kuma zumunci muke kiran abin.

Shi ya sa ranar da ƙanwata Safiyyah ta zo daga Darmanawa, ta ja ni ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu, ban tsaya wani tunani ba.

"Yaya, kin ji? Kamar ƙwayar wake."

"Ni dai bugun zuciyarki na ji. Ungo kati, ki je wurin masu hoton nonon nan na Tarauni. Ni ma sun taɓa matse ni shekara biyu baya. Yanzu wai sun kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, tana hango ciwon daji tun kafin idon likita ya kai."

"Ba ke kika ce duk talla ce ba?"

"Har gobe ina cewa. Je ki dai. Suna tambayar sunanki, ki ce Huraira."

Ta roƙe ni kada kowa ya ji. Ta je, aka ɗauki hoton, aka ce mata in da matsala za a kira lambar da ke cikin fayil. Lambar kuwa ta babban ɗana ce, Mu'awiya, don shi ya yi min rajista. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira a gabansa, balle in zauna in yi masa zancen nonon ƙanwar uwarsa. Bayan mako guda da ya zo gaishe ni, sai na kewaya.

"Ko an kira ka daga wurin masu hoton nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin motarsa. "Sun kira, Hajiya."

"Suka ce me?"

"Lafiya lau. Alhamdu lillahi."

Ban ce masa hoton wa ne ba, shi ma bai tambaya ba. Yana fita na buga wa Safiyyah waya. Washegari ta soya waina ta raba sadaka har layi uku.

Daga nan kirki ya sauka a gidana kamar annoba. Maryam, matar Mu'awiya, wadda shekara goma ba ta taɓa kawo min ko kunu ba sai da Salla, ta fara zuwa daga Unguwar Gano da kular farfesun kaza, tana zuba min tana jan hanci, wai mura. Alhaji Ashiru, ƙanen marigayi mijina, sau uku a mako yake zuwa. Shi ya kawo jarkar magani, wai na sanyin ƙashi. Baƙi ƙirin, warinsa kamar kwatar bayan kasuwa, ga wasu abubuwa suna iyo a sama waɗanda ban so in san sunansu ba. Kofi guda da safe, kofi guda da la'asar, Maryam tsaye a kaina sai na shanye.

"Ƙashina lafiyarsa ƙalau," in ji ni.

"Rigakafi ne, Hajiya."

Na lura masu gaishe ni sun daina kallon fuskata, ƙirjina suke kallo su kau da kai. Mu'awiya ya fara zancen Umra babu gaira babu dalili. Na ɗauka tsufa ne ya fara nunawa a jikina fiye da yadda madubi yake gaya min. Na sha maganin don a bar ni in huta. Ya tsinka min ciki har na rame, ramar kuma ta ƙara musu kuka.

Mutum ɗaya ba a sa cikin wannan shiri ba, Safiyyah, wai ba ta iya riƙe magana. Takan zo ta tarar ina yamutsa fuska a kan kofin, ta yi ta dariya. "Yaya, duk bokon naki, ga ki da jarka!" Ita take wanke min kofin. Na ga tana ɗaga hannun hagu da ƙyar wajen rataye shi, na tambaya, ta ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Ai an ce lafiya lau.

Wata huɗu da mako biyu aka yi a haka.

Wata Laraba da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, da farar riga ta asibiti a ƙarƙashin gyale, da ambulan babba a hannu. Ta ce sunanta Rifkatu, ita ke ɗaukar hoto a wurin nan na Tarauni, adireshi ta bi daga fayil.

"Mama, ke ce Hajiya Huraira?"

"Ni ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ba ke na ɗauka hoto ba. Waccan tana da wushirya, kuma ba ta kai ki shekaru ba."

Na ce ta zauna. Ta ƙi, sai da ta gama.

"Kullum da safe ina kunna kwamfuta sunanki ne a sama, da jan rubutu. Na'urar ba ta sauke suna sai an zo an ɗebi nama an gwada. Sau goma sha ɗaya na kira ɗanki. Kullum sai ya ce muna addu'a. Na ce masa nima ina yi, amma ya kawo ki."

Ta zaro takardar. Ga hoton, ga wani ɗan farin tabo da na'urar ta zagaye da da'ira, ni da na gan shi da na ce ƙura ce a jikin takarda. A ƙasa ta rubuta cewa alamun daji ne, a gaggauta. Ƙasa da wannan kuma akwai wani layi: wannan nono bai yi kama da na hoton shekara biyu baya ba, a tabbatar mutum ɗaya ne.

"Wannan layin fa, wa ya karanta?"

"Likitan da ke sa mana hannu daga Abuja. Ya ce na'urar ta cika ƙorafi, ya tsallake. Ni ma sai shekaranjiya na koma kansa."

Wato ƙarfen da nake yi wa dariya ya ga ciwon, ya kuma ga ƙaryarmu, ya rubuta duka biyun ƙiri-ƙiri. Sai takardar ta faɗo hannun masu hankali.

Na kira Mu'awiya na ce ya zo yanzu, ya taho da baffansa. Suna shigowa suka ga ambulan, Alhaji Ashiru ya fara salati, ya juya kan Rifkatu.

"Ke wa ya aiko ki? Haka ake yi? A faɗa wa tsohuwa irin wannan magana gatsau, zuciyarta ta buga?"

"Alhaji, zauna," na ce. "Me kuke ba ni a jarka?"

"Hajiya, mun yi shawara ne. Kowa ya san daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi da allura ya fantsama. Muka ce a bi shi a hankali, kuma kada a tayar miki da hankali."

"Kowa ya sani. Wane ne kowa? A ina ya yi karatu?"

"Subhanallahi, Hajiya, gatan da aka yi miki..."

"Nonon Safiyyah ne," na ce.

Mu'awiya ya ɗago, karo na farko cikin wata huɗu ya dubi idona.

"Inna Safiyyah? Amma Hajiya, ke kika tambaye ni..."

"Na tambaye ka, ka yi min ƙarya. Ni na ba ta katina, na ɓoye maka. Kai ka ɓoye min don tausayi, ni na ɓoye maka don kunya, ga shi mun haɗu mun yi aiki mai kyau. Tashi ka tayar da mota."

Alhaji Ashiru ya gyara hula. "To ai sai a mayar da maganin can. Akwai saura kusan rabi."

Na zura hijabina na bi Mu'awiya mota.

Muka je Darmanawa, muka tarar da Safiyyah tana tsince shinkafa a tsakar gidanta. A mota na gaya mata, duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sa hannun dama a hammatarta ta hagu, ta bar shi a wurin har muka isa Tarauni.

Aka sake hoto, aka ɗebi nama. Bayan kwana tara muka koma. Likitan wannan karon mutum ne a zaune a gabanmu, matashi, Dakta Junaid. Kafin mu shiga na ga Mu'awiya ya tare shi a bakin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa, na ji ƙarshenta: "...sai a gaya mana mu, mu san yadda za mu lallaɓa ta."

"Kai," na ce, "koma mota."

Ya koma.

Likita ya jera hotuna biyu a allo. A na farko, ɗan tabon nan. A na biyu, abu kamar goro, da wasu ƙanana biyu a hammata. Ya ce dole a cire nonon gaba ɗaya, a kwashe kaluluwar, sannan a yi wata shida ana ƙarin ruwan magani mai zubar da gashi. Ya ce akwai fatan warkewa sosai, amma ba zai yi mata alkawari ba.

Safiyyah ta nuna hoton farko da yatsa. "Likita, da a wannan lokacin na zo fa?"

Ya dube ni. Na ce, "Ita ta tambaye ka."

"Da ɗan wurin kawai za a yanke, Hajiya. Kwana biyu ki koma gida."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na miƙa hannu zan riƙe nata, ta janye shi ta sa a cinyarta.

"Yaushe za a yi aikin?"

"Alhamis mai zuwa, in kin amince. Wa zai sa hannu a madadinki?"

"Ba ni biron," in ji ta.