Ajiyar da Safiyanu Bai Kwance Ba

Sau uku Zuliha ta buga teburin magatakardan kotu kafin ya ɗago kai.

Ba 'yar'uwar Safiyanu ba ce. Katanga ce ta haɗa su shekara talatin a Birni, inda yake dukanci a zaurensa. Wata bakwai ke nan yana gidan kaso, yanzu kuma an kwantar da shi a likita, wato asibiti, ƙafafu a kumbure, mai gadi zaune bakin ƙofa.

A tsaye ta zayyana komai, ta ƙi kujera. Wani mai amalanke daga Hamdara ne ya bar masa ƙunshi ajiya, shi kuwa bai taɓa kwance ajiyar mutum ba, haka ya taras ubansa na yi. Ashe fatun sata ne a ciki. Avoka, lauyan da aka samo masa, bai zauna da shi ko na tsawon shan shayi ba. Ya ce wa Safiyanu ya amsa kawai cewa ya san na sata ne, alƙali zai dubi furfurarsa ya sake shi. Ya amsa. Aka ba shi shekara biyu.

Magatakardan ya ce kwana goma ake da shi a yi apel, a ɗaukaka ƙara, kuma sun wuce tuni.

"Wa ya gaya mana? A kwana goman nan ni ce ke gugar dakalin biron avokan, bakin ofishinsa, shi yana Yamai yana cin kaji."

Magatakardan ya ce Inna ta yi haƙuri. Ana iya kai ƙarar avokan wurin shugaban lauyoyi. Ana iya roƙon sassauci saboda ciwo. Amma wanke suna, sai an kawo sabuwar shaida a nemi a sake duba shari'ar.

"Ko ya mutu?"

Ya ɗan dube ta, sannan ya ce ko ya mutu, 'ya'yansa na da ikon nema.

Daga nan likita ta nufa da kunu. Safiyanu ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Bai tambayi maganar saki ba.

"Yaya, ba kason ke cina ba. Da bakina na yi wa kaina ƙarya gaban jama'a."

"Rufe mini baki ka sha kunu. Sa ka aka yi."

Washegari ta hau motar Hamdara. Kwana biyu tana bin gida-gida kafin ta samo Yakuba mai amalanken. Shi ma ɗauko shi aka yi haya, tsoro ne ya ɓoye shi. Ya ce yana da iyali, ba zai bi ta ya ba da shaida ba. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta zauna ƙofar masallacinsu, duk wanda ya fito ta gaya masa abin da ajiyar Yakuba ta jawo wa tsoho. Kafin la'asar dattawan garin suka sa shi gaba har tasha.

Da suka shigo lungunsu, ta hangi tabarmi shimfiɗe ƙofar gidan Safiyanu, maza zazzaune. Tun da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ratsa mazan da Yakuba a bayanta, ta tsai da shi tsakiyarsu.

"Faɗa musu. Shi ba zai ji ba, su su ji."

Ya faɗa, kansa a ƙasa, cewa marigayin ko igiyar ƙunshin bai taɓa ba.

Ran sadakar uku ta ja Lubna, 'yar Safiyanu, zuwa kotu. Lubna ta sa hannu a takardar neman sake duba shari'a. Magatakardan ya ce abin zai je Yamai, zai daɗe, kuma babu tabbas. Zuliha ta ce ita ma shaida ce, ta dangwala yatsa a tawada ta danna har takardar ta motsa.

Da yamma ta zauna a zauren Safiyanu. Wata jaka na nan inda ya bar ta, allura soke a rabin ɗinki. Ta ɗauka za ta kaɗe, sai ta ga shuɗin yatsanta ya zauna a kan jar fatar. Ta mayar da ita a hankali inda take.